Foldar da Inna Ta Ƙi Raɗa wa Suna

Ko zan manta komai na harkar kwamfuta, ba zan manta ranar da kwamfutar Inna ta kusa sa ni kuka a gaban ƙanwata ba, da gemuna da komai.

Ni ne ɗan fari a gidanmu da ke Balan, Inna kuwa irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce, "Ina wannan yake?" Da ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, na kai mata wata tsohuwar kwamfutar tebur daga shagona na Gaya, na zuba mata hotunan da na kwafa daga albam ɗin gidanmu. Na nuna mata yadda ake buɗe sabuwar folda, a jawo hoto da linzami a jefa ciki, a danna F2 a sa mata suna. Tsohuwar malama ce, tsari a jininta yake, nan da nan ta kama.

Daga baya gara ta cinye albam ɗin, kwamfutar shagona da ke ɗauke da kwafin hotunan kuma ta ƙone. Ban damu sosai ba sai da aka yi mini haihuwa, na mayar wa jaririn sunan marigayi Babanmu. Hoto ɗaya tak muka taɓa ɗauka ni da Baba, yana riƙe da ni a bakin gonarsa ta gero, kuma ina so in wanke shi babba kafin ranar suna. Ba shi a ko'ina sai a kwamfutar Inna. Na hau babur sai Balan.

Na zauna gaban allo ina taƙama, ai ni na koyar da aikin. Kowa da foldarsa da sunansa raɗau: ƙannena duka, jikoki, har ta akuyoyin Inna. Tawa ce babu. Na danna Ctrl da F na rubuta sunana, wayam. Na rubuta laƙabina na makaranta, wayam. Na leƙa kwandon shara na kwamfutar, an share shi fes, don Inna ba ta barin shara ta kwana ko a tsakar gida.

Ƙanwata da ta zo gida daga Toranke tana tsaye a kaina tana cin gyaɗa. "Yaya, akuya ta samu folda kai ba ka samu ba? Lallai ka ga matsayinka a gidan nan."

Na yi dariyar yaƙe, amma wallahi abin ya soke ni. Ga hoton Baba ina ganin ya tafi ke nan, ga wani tsohon tunani da ya taso mini, wai ko dai ba kunya ba ce, Inna ba ta damu da ni ba ne kawai. Tambayarta kuwa ba ta taso ba. Tana zaune a bakin ƙofa tana tsince wake, ta ba mu baya kamar ba ta san abin da ake ciki ba.

Sai ƙanwata ta ture hannuna. "Mai shago, matsa. Kai da sunanka kake nema a kwamfutar Inna? Duba nan gefe, inda take jera foldojin da aka fi buɗewa."

Ta farko a jerin ba ta da suna sai wanda kwamfuta ke ba kowace sabuwar folda da kanta. Tun zuwana nake tsallake ta, na ɗauka fanko ce. Ƙanwata ta danna. Ga ni a hannun Baba a bakin gona. Ga ni da kayan firamare, kunnuwa a baje. Ga hotunan aurena, har da waɗanda nake turo wa ƙannena ta waya, ashe karɓa take a ajiye mata. Duk cikin kwamfutar babu foldar da ake buɗewa kamarta.

Don in ɓoye idona, na kai yatsa kan F2 na ce bari in gyara mata sunan.

Inna ba ta ko waiwayo ba. Ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya wa wannan ya bar mini abina yadda yake. Na san mai ita."

Har yau duk wanda ya zo koyo shagona ina jaddada masa ya sa wa kowace folda suna, ya kuma ajiye kwafi a filashi. Amma ranar na koyi cewa kafin ka yi bincike a kwamfutar mutum, ka fara sanin halinsa. Na kuma daina auna son da Inna ke mini da abin da bakinta ke faɗa. Foldar tana nan babu suna, kuma ita ce dai a sama.