Zaure Biyu

Shekarar da Inna ta rasu na tsinci kaset goma sha ɗaya a ƙasan adakarta. Muryarta ce, saƙonnin da take aika wa Baba lokacin da yake fatauci. Na kwashe su cikin kwamfuta, na ajiye ta a ɗakinta, a gidanmu na unguwar Tourou inda na rage ni kaɗai da kaji.

Yayana yana garin Djougou. Tun ranar sadakar arba'in muka daina magana, a kan wata kalma da na faɗa, wadda har yau ban iya janyewa ba. Na rubuta masa gajeren saƙo, na ba shi adireshin da zai shiga kwamfutar daga can ya ji muryar Inna.

Bayan kwana uku ya amsa: "Ƙofarka a rufe take. Ban yi mamaki ba."

Abin ya yi mini zafi, don a sanina ban rufe komai ba. Na zauna na bi waya ɗaya bayan ɗaya, ni da ko fitila ta mutu sai na kira wani. Akwatin da kamfanin intanet ya kawo, wato ruta mai raba wifi, yana zaure. Bangon gidanmu mai kauri ne, wifi ba ya kaiwa ciki, shi ya sa na sayo ruta ta biyu kusa da kasuwar Arzèkè na jona ta a ɗakin Inna. Ashe kowacce a cikinsu ta ɗauki kanta maigida. Ta zaure tana raba wa na'urori adireshi, ta ciki ma tana raba nata daban. Mai fita daga gida ba ya shan wahala. Amma wanda ya zo daga waje, sai ta zaure ta duba waɗanda ta sani, ba ta ga kwamfutar ba, ta sallame shi. Kamar baƙo ne ya yi sallama a zauren farko, mutanen gida kuwa suna bayan zaure na biyu, babu mai kai saƙo.

Da na koma na gaya wa mai shagon da ya sayar mini da rutar, sai ya yi mini dariya. "Alhaji, sarki biyu a gari ɗaya? Ka hana ta ciki rabon adireshi, ta zama gada kawai. Amma wannan wahalar ta mece ce? Zuba muryar a katin memori, ka ba direban Djougou a tasha, kafin la'asar ya isa."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san haka tun farko. Sai dai in na aika kati, Yaya ya karɓa, shi ke nan, ba abin da zai sake kawo shi ƙofata. Wannan nake tsoro.

Na koma gida na sauke ta ciki daga sarauta, na buɗe hanya a ta zaure. Na rubuta: "Yaya, sake gwadawa." Bai amsa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a ɗakin Inna, sai na ga ƙaramar fitilar rutar tana ƙiftawa ba tsayawa. Na duba kwamfuta. Wani daga waje ya buɗe kaset na huɗu, wanda Inna take ba Baba labarin yadda muka yi faɗa a kan keke, tana dariya.

Tun daga nan duk Juma'a yana shigowa. Ba ya sallama, ni ma ban taɓa ce masa na gan shi ba. Ina dawowa daga masallaci da sauri, in zauna gaban fitilar har ta daina ƙiftawa.