Dabinon da Ya Kusa Tsayar da Zuciyar Ɗana

Ko yaya shekaru suka ja, wata magariba ta azumi a Omdurman ba za ta fita daga raina ba.

Babban ɗana yana da ciwon ƙoda, ana yi masa wankin jini, an kuma hana shi dabino da ayaba. Ya roƙe ni kada unguwa ta sani, wai ba ya son kallon tausayi. A nan kuwa maza a kan titi suke buɗa-baki, tabarma ɗaya, kowane gida da tirensa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ga yaron ya rame, sai ya zaunar da shi gefensa, kullum yana cika masa hannu da dabino, yana tura masa kofin ƙamardin, wani abin sha mai zaƙi na busassun 'ya'yan itace. Wa zai mayar da hannun babba?

Ran nan yaron ya shigo gida yana dafa bango. "Yumma, ƙafafuna ba sa ɗaukata," ya ce mini, ya sulale. Dattijon ne ya tare mana mota muka haye gada zuwa asibiti a Khartoum.

Aka auna jininsa da bugun zuciya, aka shiga yi masa allurai. Da na ji an ambaci insulin, na ce a hankali ɗana ba shi da ciwon sukari. Likitar da ke duba shi, 'yar Hausawanmu ce, ta juya harshe don in gane. Ta ce jiki ƙananan ɗakuna ne, kowane da bango da ƙofofi. Akwai sinadarin fotasiyam, dabino cike yake da shi, mazauninsa cikin ɗakunan. Ƙoda ta kasa zubar da rarar, ya taru a jini, zuciya ta fara rikicewa. "Hajja, allurar nan cikin ɗaki za ta kora shi, kafin injin wankin jini ya wanke sauran."

Dattijo yana tsaye yana ji. Ya cire rawaninsa ya riƙe, ya ce, "Ashe da hannuna."

Ɗana ya tashi, alhamdulillahi, yau har da 'yarsa. Sauran azumin, duk wanda ya miƙo masa dabino sai dattijon ya cafke ya jefa a bakinsa, yana cewa na yaron nan shi aka wakilta.

Tun daga nan na gane, wanda kuke ci tare a faɗa masa ciwonka, don alherinsa ya san inda zai bi.