Darmar Yaya Bawa a Ƙafar Tirela

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Bawa, direban tirela, kuma tun ranar ni ke riƙe da sarautar sanin taya daga Bodinga har Shagari. Ko ina ɗaki mota ta wuce, zan gaya maka ƙafar da ke ciwo. To, gaskiya ban taɓa tuƙa abin da ya fi keke ba. Na dai zauna kusa da wanda ya sani.

A ƙarshen Jamhuriya ta Biyu, zamanin tsuke bakin aljihu, taya ta yi wuya har sabuwa sai an je kallo. Direbobi na cewa ƙafafun gaba kawai ake daidaitawa, na baya ba ruwansu, tunda ba su riƙe sitiyari. Yaya Bawa bai yarda ba. Sai ya ɗaga ƙafa da jak, ya juya ta, ya koma gefe. Inda ta kwanta da kanta ya sa alli. In ta sake kwantawa nan, gefen ya yi nauyi, sai ya maƙala darma a ɗaya gefen. Mu kuwa muna kan buhunan albasar Danchadi muna tsufa. Yakan ce, "In ta yi tsalle, taya ta cinye, albasarku ta isa Kudu miya."

Yau me zai ce? Tayar gwanjo ce ko'ina, kowace da tsohon ciwonta, mutane kuma sun gaji da jira. Ɗansa Sani ke jan motar, da tayoyin da in ɗaya ta tafi sai dai a jingine ta a koma gona. Abin da marigayi ya bari jak ne da gwangwanin darma. Haƙurin, da shi aka rufe shi.

Makon jiya Sani ya zo da kukan bayan motar na girgiza. Na naɗe riga, na juya ƙafa, na dafa ta ina bayani, na sa alli. Na sake, na dafa, na ƙara bayani. Kafin la'asar alli ya zagaye taya.

Matar marigayi, Yaya Hajo, ta leƙo daga zaure.

"Mamman, ɗauke hannunka! Shi shiru yaka yi, taya ta faɗi nata. Kai ko taya ba ka bari ta yi magana."