Mma Damata da Famfon Zango

Duk Zangon Salaga an san Mma Damata da abu guda: tsoron ruwan sha. Mata har tsiya suke mata, wai ko zamzam aka miƙo mata sai ta ɗaga kwanon a rana ta leƙa.

Ba banza ba. A Bawku aka haife ta, aure ya kai ta Yendi, can ta ga aikin kurkunu da idonta. Shekarar yunwa, tamanin da uku, tsutsar ta ɓullo wa mijinta Aruna a idon sawu daidai lokacin shuka doya. Ya kwanta wata da watanni ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, gona ta koma daji. Abin da suka ci a shekarar ba ya faɗuwa. Shi ya sa da suka ƙauro Salaga ba ta nemi ɗaki mai faɗi ba, ta ce ita dai wanda ke kallon famfo.

Famfo ɗaya ne ga unguwa duka. Bokitai da garewani ke riƙe wa masu su layi, su kuma suna gida suna aiki, kunne a waje. Bokitin Damata kullum a gaba yake, kuma duk wadda ta taɓa shi za ta ji abin da ba ta zo nema ba.

Sai ga wani rani famfo ya ɗauke ƙaf. Aka yi ta jira, shiru. Unguwa ta juya dam, inda shanu ke sha, masu kurkunu kuma ke tsoma ƙafa don su ji sanyi. Damata ma ta je, dole ce, amma hankalinta a tashe. Ta tace da yadi, ta tafasa, ta sake tacewa. 'Ya'yanta suna ƙorafin ruwan yana warin hayaƙi, ta ce su sha su yi shiru. Aruna kuwa ko masallaci zai je sai ta rataya masa gora. Abin da ke cin ta shi ne, wannan cuta ba ta nuna kanta ranar da aka sha ta. Sai ta yi kusan shekara a jiki mutum yana ta dariyarsa. Kuma ƙafafun nan biyu na Aruna su ne abincin gidan.

Wata Alhamis da la'asar famfo ya yi tari, ya tofar da iska, sai ga ruwa.

"Paipu ya zo! Paipu ya zo!"

Mata suka fito a guje, wata ko ɗankwali babu. Damata ta tara bokiti tana hamdala, rabonta da murmushi har ta manta. Tana nan tsaye Aruna ya iso a keke, daga ta'aziyya a wani ƙauye. Gorarsa na rataye, cike take fal.

"Maigida, ba ka sha ruwa ba duk ranar nan?"

Ya sosa ƙeya. "Na sha."

"A ina?"

"Gidan mutuwa ne, Damata. Tsohuwar da ɗanta ya rasu ita da kanta ta durƙusa ta miƙo mini ruwan maraba. In ce mata me? In zaro gorata a gabanta?"

"Sun tace?"

"Kurɓa ɗaya na yi, wallahi."

Ta so ta yi masa faɗa, ta rasa ta inda za ta kama, don ta san ita ma da ba za ta iya ƙi ba. Bokiti ya cika yana zuba, ta bayanta tana cewa, "Mma, matsa mana!" Ita dai idonta na kan ƙafafunsa, masu ƙura, lafiya lau, ba ko ƙurji.

"Bar kallona haka," in ji Aruna. "Ba abin da ya same ni."

"Sai baɗi za mu sani," ta ce, ta sunkuya ta ɗauki bokitin.