Kunun da Na Dama wa Autarmu

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ni ba tuta ce a gabana ba. Autarmu ce ta zo goyon ciki gida, a Gangara, ta haifi ɗanta na fari ana tsakiyar bazara. Innarmu ta riga ta rasu, saboda haka wankan jego ya faɗo kaina. Na kuwa karɓe shi da ɗoki, don ni mace ce mai son a ce ta iya. 'Ya'yana uku a lokacin, duk na sha ruwan zafi na tashi garau, wa zai koya mini?

Safe da yamma nake tafasa ƙatuwar tukunya, in tsoma ganyen sabara in riƙa fyaɗa mata har fatarta ta yi ja. In ta fito in kwantar da ita a gadon ƙasa da na hura wuta a ƙarƙashinsa. Sannan kunun kanwa, mai kauri, da kanwar ungurnu mai kyau da mijinta ya aiko daga kasuwar Gazawa. Ba na awo. Hannuna yana da nauyi, ko a miya an san ni da haka.

Wajen kwana ashirin ƙafafunta suka fara kumbura. Na danna da yatsa, ramin ya zauna kamar a tuwo mai sanyi. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta duba ta ce, "Sanyi ne ya shige ta. Ke ɗiyar nan, ragwanci kike wajen wuta."

Maganar ta ƙona mini rai. Na ƙara itace, na ƙara kanwa. Yarinya tana cewa, "Yaya, numfashina ba shi kai ƙasa," ni kuma ina ce mata ta bar raki. Har na taɓa zare mata ido ta shanye ƙwarya guda tana hawaye.

Daga nan ta daina iya kwanciya. Sai dai ta zauna jingine da bango, baki buɗe, tana jan iska, jijiyar wuyanta tana harbawa. Ko shayar da jariri sai ta huta sau biyu. A nan tsoro ya kama ni. Ina daka gero ina kasa kunne ko numfashin ya tsaya.

Ranar kasuwa aka ce wani lokotoro, wato likita, daga Maradi ya sauka Gazawa, yana neman mata masu jego da suka kumbura, wai bincike yake yi. Mutane na cewa jini yake ɗiba ya tafi da shi. Gwaggo ta hana, na yi kunnen ƙashi, muka ɗora ta a jaki ni da mijinta.

Bature ne siriri, da tafinta ɗan ƙasarmu. Ya sa abin saurare a ƙirjinta ya daɗe bai ɗago ba. Ya ɗebi jini a 'yar kwalba, ya buɗe wani littafi da ya cika da rubutu, ya shiga tambaya. Sau nawa ake wanka? Ana hura wuta a gado? Kanwa kamar yaya ake sawa? Ya miƙo mini dunƙulen kanwa ya ce in gutsura yadda na saba. Na gutsura. Shi da tafintan suka dubi juna.

Tafinta ya ce, "Baiwar Allah, zuciyarta ce ta gaji. Ta yi girma ta saki, ba ta iya tura jini. Gishirin kanwa shina riƙe ruwa a jiki, zafi kuma shina ƙara mata aiki. Ya ce bai gama gane dalili ba, don wasu na sha su tashi lafiya lau, shi ya sa shike rubutawa. Amma wannan kam a tsaida mata duka. Wa ke dama mata kunun?"

Na ce, "Ni ce." Ban taɓa jin muryata ta ƙanƙance haka ba.

Muka dawo da ƙwayoyi a ƙunshin takarda. Na kashe wutar gado, na kife tukunya. Gwaggo ta tara mini mata a tsakar gida, ta ce na ji maganar Bature zan bar ƙanwata da ɗanyen jiki. In ta dama kunu ta kawo da kanta, sai in karɓa a bakin ƙofa in zubar bayan rumbu. Kwana uku kumburin ya ɗan sauka, har autarmu ta yi mini dariya ta ce yau Yaya ta zama ɓarauniyar kunu. Na sa rai.

Saura kwana biyu ta yi arba'in, da hantsi, tana zaune jingine da bangon nan, ta ce in karɓi yaron ya yi mata nauyi. Na karɓa. Ko da na juyo ta cika.

A wajen zaman makoki ba wanda ya zage ni, sai dai in na shigo a yi shiru. Su a ganinsu hana wankan ne ya kashe ta. A littafin lokotoro kuwa na san abin da aka rubuta, don da hannuna na gutsura masa. Ni na goya yaron har ya girma ya yi iyali. Ranar da matarsa ta haihu, aka miƙo mini kanwa aka ce, "Kaka, ke kin san awo." Na riƙe ta a tafin hannu na kasa gutsurawa, na kuma kasa ajiyewa.