Jeren Inna a kan kibod ɗin Baba

Baba ya yi shekaru yana buga tafireta a sakatariyar Maradun. Da ya yi ritaya ya sayi tsohuwa guda ya kafa a zauren gidanmu, yana buga wa mutane wasiƙa da takardar cinikin gona. Da sautin nan muka girma. Kafin a idar da gaisuwa da mai wasiƙa, Baba ya riga ya zura takarda yana jira.

Sai tafiretar ta mutu. Aka nemi kirtanin tawadarta har Gusau aka rasa, haruffa biyu kuma suka karye. Ga kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. Mutumin da ba ya zama sai ya koma zaman tabarma, hannuwa a kan gwiwa. Ba ciwo yake ba, amma duk lokacin da na zo daga Talata Mafara, inda nake gyaran waya da kwamfuta, sai in ga ya ƙara tsufa. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Na taɓa kai masa kwamfutata ta tafi-da-gidanka. Bugu uku ya yi, madanni ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon fura. Ya ture ta, ya ce wannan danna tuwo ne, ba rubutu ba, ba ta amsa wa mutum. Daga nan ko zancen ba ya so.

Ni kuwa da taurin kai aka haife ni, kuma a wurinsa na gada. Na ce zan haɗa masa kibod, wato allon madannan kwamfuta, da hannuna, irin wanda kowane madanni yake da nasa ɗan inji mai sifirin a ƙarƙashi, mai tauri, mai ƙara. Sai da na yi ta naci kafin ya yarda, shi ma da sharaɗi: sau ɗaya zai gwada, in bai yi ba, kada in sake tayar da maganar har abada.

Kayan suka iso daga Kano ranar Talata, kasuwa na ci. Kwana huɗu na yi ina liƙa ƙafafun injinan da dalma ɗaya bayan ɗaya, ina ƙona yatsa ina dariya ni kaɗai. Gidan da za a zaunar da su kuma wani kafinta a Bakura ya sassaƙa mini da icen maɗaci, don na san ƙarfin hannun Baba, roba ba za ta zauna masa wuri ɗaya ba. Kafintan ya juya abin ya sake juyawa, ya tambaye ni ko sabuwar darar 'yan birni ce.

Inda na ɓata lokaci shi ne zaɓen hulunan, wato 'yan marufan da yatsa ke taɓawa, masu ɗauke da haruffa. Mako uku ina duba hotuna. A ƙarshe na ɗauki masu tsawo ɗaya, masu ɗan kwarmi a tsakiya irin na tafireta, da haruffa manya-manya saboda idon Baba. Launi uku na haɗa: ruwan madara, ruwan ƙasa da ja. Na jera kowanne a muhallinsa ina jin kaina wani babban gwani.

Ranar Juma'a da hantsi na isa Maradun a kan babur. Damina ce, taɓo ya fallatsa ta bakin jakar ya ɓata wasu huluna. Inna tana kallo na ciro biyu da ɗan ƙarfen cirewa na goge, na mayar. Na ce sauran sai mun dawo masallaci.

Ya kamata a ce na tuna wace ce Inna. Duk unguwarmu ba a aurar da yarinya ba tare da an kira ta jere ba. Ita ke tsara kwanuka da tasoshi a ɗakin amarya, launi ya bi launi, kuma ba ta iya ganin abu a hargitse ta wuce. Na riga Baba dawowa da 'yan mintuna, na tarar ta cire ƙananan hulunan kaf, ta wanke su a ƙwarya, ta shanya a faifai, ta mayar. Jajaye sun zagaye gefe, masu ruwan ƙasa sun yi layi biyu, farare sun taru a tsakiya. Wallahi ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Amma babu harafi ɗaya da ke wurinsa.

Ta ce, “Ɗiyan yanzu ba ku iya jere ba. Ja nan, hwari can, kamar an zubar da wake. Ga shi na gyara maka.”

Ban san ko in yi kuka ko in yi dariya ba. Na kai hannu zan fara cirewa ke nan sai ga sallamar Baba. Ya zauna a kujerarsa ta zaure, ya naɗe hannun riga, ya ce in kawo. Na roƙe shi ya ba ni rabin awa. Ya ce shi bai san rabin awa ba, an ce bayan Juma'a, ga bayan Juma'a. Na haɗa kibod ɗin da kwamfuta. Gwaji ɗaya gare ni, kuma zai duƙa ya nemi harafi ya tarar da wani.

Bai duƙa ba. Ya shafa gefen katakon, ya ƙirga layi da yatsa, ya zaunar da yatsunsa takwas a layin tsakiya. Sai ya ɗaga fuska ya dubi bango. A nan na tuna abin da na gani tun ina yaro ban taɓa lura ba: Baba bai taɓa kallon madannai ba. Haka aka koya wa masu buga tafireta. Hulunan ne kawai Inna ta sauya wa wuri, kowane inji kuwa yana nan da harafinsa. Mako ukun da na yi ina neman manyan haruffa, don kaina na yi.

Ya danna ɗaya. Ƙas. Ya saurara, ya sake dannawa. Sai ya saki hannu, zauren ya cika da sautin da muka yi shekara biyu ba mu ji ba. Da ya kai ƙarshen layi, hannunsa na hagu ya tashi ya mari iska, yana neman sandar mayar da takarda irin ta tafireta. Inna ta fashe da dariya daga bakin ƙofa, shi ma ya yi, har haƙoransa na goro suka bayyana. Ni dai ina tsaye a bayansa ina kallon kalmomi suna fitowa daidai, idona ya cika da hawaye don murna.

Can ya tsaya, ya shafa wani madanni a layin sama. Akwai huluna biyu masu ɗan tudu da ake sa wa a layin tsakiya don yatsa ya gane wurinsa, Inna ta kai ɗaya can.

Ya ce, “Wanga ƙurji mi ya kawo shi nan? Wa yaj jera abin ga?”

Na faɗa masa gaskiya, na ce yanzu zan mayar da kowanne gurbinsa. Ya dafe kibod ɗin da tafin hannu.

“Bar shi. Kai ka yi na kunne, uwarka ta yi na ido. Karanta mani abin da ni rubuta.”

Na karanta da ƙarfi. Sanarwa ce ga jama'ar unguwa, cewa mai buga wasiƙa ya koma bakin aiki daga ranar Asabar, duk mai buƙata ya zo da safe. Babu kuskure ko ɗaya. Ya ce in kai Mafara in fitar da ita a takarda guda uku, ɗaya a manna a ƙofar zaure.

Kibod ɗin yana nan yadda Inna ta jera shi. Ni da na haɗa shi ba na iya rubuta ko sunana a kai. In aiki ya yi yawa na ce zan taya shi, sai Baba ya ce in matsa, ban iya ba.