Sifanar Oga Baƙo

Duk wanda ya yi aiki a layinmu na makanikai a Apo ya san Oga Baƙo, ko da bai taɓa kai masa mota ba. Sunana Monica, rumfar abincina tana kallon garejinsa tun ina goyon 'yata ta fari, ga shi yau ita ma goyo take yi. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Mutumin Jiwa ne, ɗan manoma. Ya tsani fartanya tun yana ƙarami, ya gudo gari ya koyi gyaran mota, kuma ya iya, wannan kam ba zan hana shi ba. Mota za ta shigo tana tari, kafin direba ya kashe ta Baƙo ya faɗi ciwonta. Amma mugu ne. Na daɗe ina neman wata kalma mai sauƙi da zan kira shi da ita, ban samu ba.

Yana da hanyarsa ta ɗaukar yaran koyon aiki. Ba ya tambayar takardar makaranta, ba ya tambayar ɗan waye. Sai ya ce yaro ya cire takalmi, ya miƙa hannu da yatsu a buɗe daidai saman ƙafarsa. Baƙo zai rataya wata ƙatuwar sifana a tsakanin yatsun, ya juya yana hira da wani kamar ya manta da zancen. Can ba zato sai ya saki. In ka cafke, ka samu aiki. In ka kuskure, a kan yatsan ƙafarka za ta sauka, ka koma gidanku da ɗingishi. Hujjarsa ita ce mota ba ta yin sallama kafin ta faɗo wa mutum.

Game da mata kuwa, ra'ayinsa ɗaya ne, kuma a rumfata yake zama ya faɗe shi, bakinsa cike da shinkafata.

"Mama Monica, ku mata, kafin saƙo ya tashi daga ido ya kai hannu, sai ya tsaya a baki ya yi gulma tukuna."

Yaran gareji su kwashe da dariya, don wanda bai yi dariya ba ya san sauran.

'Ya'yansa biyu da matarsa Miriam. Timothy ne babba, yaro mai sanyin hali da muryar waƙa, wanda da an bar shi da a ƙungiyar mawaƙan coci zai ƙare rayuwarsa cikin farin ciki. Sai ƙanwarsa Lucy. Ita takan zo bayan makaranta wai ta taya ni wanke kwanuka, amma hannunta ne kawai a ruwan kumfa, idonta yana can ƙarƙashin mota. Abu ɗaya take so a duniya, ubanta ya ɗauke ta aiki a garejin nan. Ta roƙe shi, ta sa uwarta ta roƙe shi, ni ma na sa baki. Ya ce gareji na Timothy ne, ita ta je ta koyi kitso.

Wata shekara aka yi wahalar mai, motoci suka ɗauke ƙafa, layin ya yi tsit. Zaman banza ya sa Fatihu mai gyaran wutar mota ya fara tsokanarsa.

"Oga, kullum kana cewa mata ba su da saurin hannu. Ka taɓa gwada ko ɗaya?"

Baƙo ya ce ba ya buƙata. Fatihu ya ce ashe tsoro yake ji. Shi ke nan, aka tara yaran gareji a gefe ɗaya, aka kira 'yan mata masu tallar gyaɗa da ayaba da ruwan leda a ɗaya gefen. Na ce wallahi ba 'yar da za ta cire takalmi a gabana. Ya yarda da ƙyar, aka bar kowa da abin ƙafarsa.

Abin da na gani da idona shi ne wasu mazan sun cafke, wasu sun kuskure, matan ma haka. Ko da gilashin likita ka duba ba za ka ga bambanci ba. Amma in namiji ya kuskure, Baƙo sai ya ce rana ce ta shiga idonsa. In mace ta cafke, sai ya ce shi ne hannunsa ya yi nauyi.

Fatihu bai bar shi ba. "To Oga, ga naka biyu nan. A raba gardama a gida mana."

Nan fuskar Baƙo ta canza. Ya ce nasa kam sai sun cire takalmi, don jininsa ba ya wasan yara. Timothy ya tsaya, ya miƙa hannu. Sifana ta wuce yatsunsa kamar ba ya wurin, ta fasa masa farcen babban yatsa. Yaron bai yi kuka ba, ya dai tsuguna yana kallon jinin. Uban ko kallonsa bai yi ba, sai ya juya wajen Lucy.

"Oya, ke. Zo nan."

Lucy ta cafke. Ya sake, ta cafke. Ya juya baya yana zagin wani yaro, ya saki a tsakiyar zagin, ta cafke. Sai ya tsoma sifanar cikin baƙin mai a gaban kowa, ba kunya, ya riƙe ta har mutane suka fara gajiya da tsayuwa. Da ya saki, ta zame a tafinta, ta damƙe ta a wuya, man yana bin hannunta har gwiwa. Layin ya kaure da ihu, 'yan tallan nan har da rawa. Lucy ba ta yi murmushi ba, fuskar ubanta kawai take kallo, tana jiran kalma ɗaya.

"Sa'a ne," in ji shi. Ya karɓe sifanarsa ya shige gareji.

Washegari Lucy ta zo min da kunci a kumbure. Laifinta wai ta kunyata yayanta a bainar jama'a. Ina gasa mata wurin da ruwan ɗumi, ina tsine masa a zuciyata, na tambaye ta yadda aka yi ba ta taɓa kuskurewa ba.

"Anti, ni ba sifana nake kallo ba fa. Kafaɗarsa nake kallo. Kafin ya saki abu tana ɗan ɗagawa, irin yadda take yi in zai mare ni. Tun ina ƙarama na san ta."

Ranar ban iya sayar da abinci da daɗin rai ba.

Da ta gama sakandare ta tafi Mararaba, wani ogan ya ɗauke ta. Ta koyi aiki, ta ƙware, har masu motocin haya suna bin layi wai sai yarinyar nan. Ranar da aka yaye ta mun je da Fatihu da uwarta, kujerar uban tana nan babu kowa. Duk da haka kowace Kirsimeti sai ta kawo masa shadda, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗan ba shi labarin wani injin da ta tayar, ko zai ce wani abu. Sai ya tambaye ta yaushe za ta yi aure.

Timothy kuwa yana gareji kamar ɗaurarre. Ba ya ƙin aiki, aikin ne ba ya shiga kansa, masu motoci suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sai bara hawan jini ya kayar da Baƙo, ɓarinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Fatihu ya yi ta zarya zuwa gidansa yana lallashi, yana nuna masa cewa in ba Lucy ba garejin nan ya mutu. Shi kansa Timothy ya ce a ba ta, shi ya gaji. A ƙarshe Baƙo ya gyaɗa kai.

Wata Asabar aka kawo shi a mota, aka zaunar da shi a benci ƙofar gareji. Makanikan layi suka taru. Lucy ta iso cikin rigar aikinta wankakkiya har da guga, ban taɓa ganin fuskarta da haske irin na ranar ba. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, ga ni."

Makullin kwantenar da ake kulle kayan aikin garejin a ciki yana cinyarsa. Miriam ta kai hannu za ta taimaka, ya harare ta. Da hannun daman nan da ya mutu yake so ya bayar, don taurin kai. Ya tura makullin cikin yatsunsa da hagu, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa, ya ɗaga kafaɗa, hannun ya taso daidai fuskarta.

Kafin kowa ya ƙifta ido Lucy ta kauce, ta kare kanta da hannu biyu. Makullin ya faɗi cikin ƙasa mai baƙin mai.

Ta sauke hannuwanta a hankali, tana kallon makullin, tana kallon ubanta. Na ga ya gane, wallahi na ga ya gane abin da ya faru, don idonsa ya kaɗa. Na ɗauka haƙuri zai ba ta. Sai karkataccen bakin nan ya buɗe da wata irin dariya, ya waiga wajen Fatihu.

"Ka gani ko? Hannun mace."

Ya ɗaga haɓa ya nuna wa Timothy makullin da ke ƙasa. Timothy ya daɗe a tsaye, sannan ya sunkuya ya ɗauki makullin. Lucy tana nan a durƙushe, ba wanda ya ce mata ta tashi.